TARIHIN WASIYYI: WA KE NAƊA SHI, WA KE TUƁE SHI?

Yau za mu yi magana bisa wasiyyi.

Kun san abin da kan faru in maigida ya rasu. Ga gona, ga dabbobi, ga bashi, ga yara ƙanana. Sai wani cikin dangi ya ce shi zai riƙe. Shekaru su wuce, yara su girma, su tarar da rumbu wayam. Don hana irin wannan ne shari'a ta tanadi wasiyyi. Wasiyyi shi ne mutumin da mai dukiya ya zaɓa tun yana da rai, don ya biya mashi bashi bayan mutuwa, ya cika wasiyyarsa, ya kula da dukiyar marayunsa. Wannan aiki ya daɗe a duniya. Ga tarihinsa.

Wasiyyin Zubairu

A shekara ta 656 aka yi yaƙin Raƙumi kusa da Basara, a ƙasar Iraƙi. Ran nan sahabi Zubairu ɗan Awwam ya kira ɗansa Abdullahi. Ya gaya mashi yana ji a jikinsa ba zai wuce ranar ba, kuma babu abin da ya dame shi kamar bashin da ke kansa. Ya ɗora mashi nauyin biya. Ran nan kuwa aka kashe Zubairu.

Bai bar tsabar kuɗi ba. Ya bar filaye, da gidaje 11 a Madina, 2 a Basara, 1 a Kufa, 1 a Masar. Da aka lissafa bashin, sai ya kai miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani. Akwai wani fili, ana ce mashi Gaba, wanda Zubairu ya saya dubu 170. Abdullahi ya sayar da shi miliyan 1 da dubu 600. Ya yi ta biya har ya gama da waɗanda ya sani.

Sai magada suka ce a raba masu sauran. Abdullahi ya ƙi. Kowace shekara, lokacin aikin haji, sai ya yi shela: duk mai bin Zubairu bashi ya zo a biya shi. Sai da ya yi haka shekara 4, sannan ya raba gado. Imamu Buhari ya kawo wannan labari cikin littafinsa.

Ku lura da kyau. Abdullahi magaji ne, shi ma yana jiran rabonsa. Amma ya sa amana gaba da cikinsa.

Ƙa'idodin naɗi

Imamu Malik ya rasu a Madina a shekara ta 795. Almajiransa da na bayansu suka tsara hukuncin wasiyyi cikin littattafai. Biyu daga ciki kun san su, don malamanmu na karantar da su a zaure: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14. Ga abin da suka tsayar:

1. Uba ne ke naɗa wasiyyi bisa yaransa ƙanana. Wasiyyin uba kuma yana iya naɗa wani a bayansa. Wa ko baffa ba su da wannan iko.

2. Uwa ma tana iya naɗawa, in yaran ba su da waliyyi, dukiyar kaɗan ce, kuma daga wurinta suka gaje ta.

3. Wasiyyi ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, mai iya aikin. Mace tana iya zama. Makaho ma yana iya zama.

4. In mutum ya rasu bai naɗa kowa ba, alƙali ne ke zaɓar ma marayu wanda zai kula da dukiyarsu.

5. In wasiyyai biyu ne, tare za su yi aiki. Ba su da ikon raba dukiyar tsakaninsu, kowa ya riƙe rabi.

Aikin kuma yana da jeri. Da farko likkafani da jana'iza. Na biyu bashi. Na uku wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Na huɗu rabon gado.

Ƙa'idodin tuɓewa

Muddin mai dukiya na da rai, yana iya sake wasiyyinsa. Shi ma wasiyyi yana iya janyewa a lokacin, ko da ya riga ya karɓa. Amma in ya karɓa, mai wasiyya kuma ya rasu, ba ya ajiye kayan don ya gaji kurum.

To, in ya ci amana fa? Risala ta ce wanda ba amintacce ba ne a tuɓe shi. Muhtasar ya ƙara da cewa ko da adali ne ranar naɗi, in halinsa ya ɓaci daga baya, ya fita. Alƙali ne ke dubawa, ya fid da shi, ya sa wani. Dangi ba su ƙwacewa da ƙarfi, ƙara suke kaiwa.

An kuma ɗaure hannun wasiyyi tun kafin ɓarna. Ba a so ya saya ma kansa kayan mamaci, in ya saya kuwa hukuma ta sake duba cinikin. In ya ce ya ciyar da marayu kaza, ana yarda da maganarsa, muddin ba ta wuce hankali ba. Amma in ya ce ya miƙa ma maraya dukiyarsa bayan ya girma, sai ya kawo shaidu. Aya ta 6 ta suratun Nisa'i ce ta yi umurni da kafa shaidu ranar miƙawa.

A ƙasarmu

Doka a littafi daban, aiki da ita daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta cikin ƙasar Gobir, ya yi kuka da wannan. Cikin Kitabul Farƙi ya zargi masu mulkin zamaninsa da kwashe dukiyar wanda ya mutu, suna kiran abin gado.

Da Nasara suka zo, a 1903 Faransa ta tsara kotuna a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Ta bar maganar aure da gado bisa al'adar mutane. Kumandan na zama da dattawan gari a gefensa, su gaya mashi yadda al'ada take.

Nijar ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. Dokar 16 ga Maris 1962 ta ce a sha'anin gado da kyauta da wasiyya, kotu ta bi al'adar masu shari'ar, tare da masana al'ada masu taimakon alƙali. An sabunta dokar a 2004, aka sake a 2018, amma ba a yar da wannan ƙa'ida ba. A wurin Hausawa Musulmi kuwa, al'adar gado ta daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Shi ya sa hukuncin Risala bai tsaya a zaure ba, yana shiga har gidan shari'a. In rigima ta tashi, akan fara da sulhu gaban maigari ko sarki. In ta ƙi mutuwa, sai gaban alƙali.

Abin da ya rage gare ku

Kai maigida, zaɓi wasiyyinka tun kana da lafiya. Ka tambaye shi ko ya yarda. Ka kira adilai biyu su shaida, a rubuta.

Kai wasiyyi, ka sayi kaye. Rubuta abin da ka tarar, da abin da ya shiga, da abin da ya fita. Dukiyar ba taka ba ce, ajiya ce.

Ke uwar marayu, in kin ga ana cin dukiyar ɗiyanki, kada kunya ta rufe maki baki. Shari'a ta buɗe maki ƙofar ƙara tun fiye da shekara dubu.

Ga tambayoyi, ku tattauna tsakaninku:

1. Don mi Abdullahi ya jira shekara 4?
2. Wa ke da ikon tuɓe wasiyyi bayan mai wasiyya ya rasu?
3. A garinku, wa ke riƙe dukiyar marayu, kuma wa ke duba shi?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.