Mata, Mota, Gida, Kuɗi

A 1938, Amurka na cikin karayar tattalin arziki, Frank Capra ya fito da fim ɗin You Can't Take It with You, barkwanci a kan wani iyali da tara dukiya ba ta dame su ba. Nijar ta samu nata a 1972, sai dai dariyarsa ta fi ɗaci. Sunansa F.V.V.A., harufan farko na mata, mota, katafaren gida da kuɗi da Faransanci.

Wanda ya shirya shi, Moustapha Alassane, bakanike ne kafin ya kama kyamara. An haife shi a 1942, ya koyi aikin fim a Yamai kusa da Jean Rouch, ya ƙaro sani a Kanada wajen Norman McLaren.

Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ke zamansa lafiya a birni, har iyaye suka ɗaura masa aure da yarinyar da bai taɓa gani ba. Daga nan hidima ta buɗe baki. Albashi bai kai ba, ido kuma ya riga ya hango mota da gida irin na manya, sai hannu ya zarce cikin kuɗin da ba nasa ba. A kaso ya ƙare. Abokan shagali suka watse, uwargida kaɗai ta tsaya jiransa.

Abin da ya ƙara wa fim ɗin nauyi, a ganina, lokacinsa ne. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak ya biyo baya a 1974, garin Akokan ya tashi. Masu albashi suka kwararo daga kudu, fari kuma ya cinye dabbobin makiyayan Abzin, ciki har da na yankin Gougaram, da yawa suka gangaro gari neman aikin lebura. Kamfani ya gina wa ma'aikatansa gidaje masu ruwa da lantarki, saura suka kafa bukkoki a gefe. Duk mai albashi kuwa akwai dangi a bayansa suna jiran ƙarshen wata, irin na Ali.

Farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata. Shi kuwa Alassane ya zauna a Tawa yana riƙe da otal, ya rasu a 2015. Cominak ya rufe mahaƙarsa a watan Maris na 2021.