Yadda rushe furotin ke tafiyar da ginin tsoka

Tsoka ce ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikin baligi, kuma furotin ne ginshiƙinta. A kullum jiki yana ƙera sabon furotin, yana kuma rushe tsoho. Idan ƙira ta rinjayi rushewa sai tsoka ta yi kauri, idan kuwa rushewa ta rinjaya sai ta shanye.

Manyan hanyoyin rushewar biyu ne. A ta farko, ƙwayar halitta tana liƙa wa furotin ɗin da ya gama aiki wata ƙaramar alama mai suna yubikwitin, sannan wani inji da ke cikinta, furotiyasom, ya daddatsa shi. Aaron Ciechanover da Avram Hershko na Isra'ila da Irwin Rose na Amurka sun sami lambar Nobel a 2004 saboda gano wannan tsari. Ta biyu ita ce otofaji, wato ƙwaya ta narkar da sassanta da suka lalace, binciken da ya kai Yoshinori Ohsumi na Japan ga lambar Nobel a 2016.

Tun a mahaifa wannan aiki yake farawa. Kafin ƙwayoyin tsoka su haɗe su zama zare guda, dole a kawar da furotin ɗin da ke riƙe su a matakin rarrabuwa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka toshe furotiyasom, haɗewar takan tsaya. Haka nan ɓerayen da aka kashe wa otofaji a tsoka sun rasa ƙarfi, domin tarkace ya taru a cikin ƙwayoyinsu.

Illa tana zuwa ne idan rushewar ta wuce ƙima. A 2001 aka gano MuRF1 da atrogin-1, sinadarai biyu da ke yawaita sanya alamar rushewa lokacin yunwa, doguwar jinya ko cutar daji. Insulin da motsa jiki da isasshen abinci suna rage aikinsu.

Wannan ne ke faruwa a jikin yaro mai tamowa: jiki yana cin tsokarsa don ya ciyar da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Abincin magani na gyaɗa da madara da mai da sukari yana juya lamarin, muddin ya isa asibiti a kan lokaci. Saboda haka duk jinkirin sakin kuɗin yaƙi da tamowa, a jikin yara ake biyan sa.