2.3 Garuruwan da Aka Kafa Don Wata Buƙata: Sifawa, Boɗinga da Shagari

Masana tarihi kan bambanta gari iri biyu, watau wanda ya tsiru da kansa a hankali, da kuma wanda aka kafa ko aka raya da gangan domin biyan wata buƙata. Iri na biyun shi ne abin dubawa a wannan sashe, domin yana tattare da wata matsala: mene ne makomar gari idan buƙatar da ta tara mutanensa ta gushe?

Misali daga ƙasar Holan zai taimaka wajen fahimtar wannan batu. A arewacin ƙasar akwai fadamu masu wata baƙar ƙasa da ta samu daga ruɓaɓɓun ciyayi, wadda ake yankawa kamar tubali, a shanya, a yi makamashi da ita a madadin itace. Domin haƙar ta ne aka kafa Hoogeveen a 1636 da Wildervank a 1647. Masu jari suka haƙa hanyoyin ruwa don fitar da kaya zuwa birane, leburori kuma suka jera gidajensu a bakin ruwan. Da ƙasar ta ƙare garuruwan ba su mutu ba, saboda an gyara filin da aka kwashe da taki, aka koma noman dankalin Turawa, daga baya kuma masana'antun sarrafa shi suka biyo a ƙarni na 19.

A yankin Boɗinga da Shagari ba ma'adini ne ya tara jama'a ba, jihadi ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Muhammadu Bello ya fara ginin Sakkwato a 1809, shi kuwa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya koma Sifawa a wajen 1810. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. Idan aka dubi taswira za a ga hikimar wannan zaɓi, domin Sifawa tana tsakanin Gwandu da Sakkwato ne, kuma ta fi Gwandu nisa daga Kabawa, waɗanda suka sha matsa wa jama'a lamba tun bayan yaƙin Alwasa na 1805.

Shekara biyar ɗin da Shehu ya yi a Sifawa ba ƙananan shekaru ba ne a tarihin daula. A nan ne ya janye daga harkokin mulki na yau da kullum ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, almajirai da malamai da masu kawo caffa suna ta zuwa daga nesa. A cikin wannan zamani ne, a 1812, ya raba kula da daula gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Haka nan a 1812 Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, a 1813 kuma Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙati. Sai dai abin lura shi ne, duk wannan cika da batsewa ta Sifawa a kan mutum guda ta dogara. Ba ta da tudun tsaro da mahaɗar gulabe irin na Sakkwato. Saboda haka da Shehu ya tashi zuwa Sakkwato a 1815, babban abin da ke kawo baƙi ya tashi tare da shi.

Boɗinga ma ta ɗanɗani irin wannan. A can Abdullahi yake lokacin da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817. Sananniyar ruwaya ta nuna cewa da ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuma yi wa Bello mubaya'a. Daga nan ya mayar da mazauninsa Gwandu, kuma bai sasanta da ɗan wansa ba sai a yaƙin Kalambaina. Ke nan cikin 'yan shekaru garuruwan biyu duk sun rasa waɗanda suka raya su. Amma ƙarshensu bai zama ɗaya ba. Boɗinga tana kan hanyar da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu, wadda daga baya ta zama babban titin mota zuwa Jega da Kwantagora, ga kasuwa ga noma. A yau Boɗinga ce hedkwatar ƙaramar hukuma, Sifawa kuwa, wadda ta taɓa zama mazaunin Shehu, tana ƙarƙashinta. A ganin wannan bincike, hanya da kasuwa ne suka yi wa Boɗinga abin da noman dankali ya yi wa garuruwan Holan.

Shagari kuwa asalinta daban ne, kuma bai kamata a cusa ta cikin wannan tsari da ƙarfi ba. Tarihin gidan sarautar garin ya nuna cewa Ahmadu Rufa'i ne ya kafa ta, wanda shi ne kakan mahaifin Alhaji Shehu Shagari. Tun da an haifi Shehu Shagari a 1925, lissafin zuriya ya kai kafuwar garin cikin ƙarni na 19, zamanin da shugabannin daula, musamman Sarkin Musulmi Bello, suke ƙarfafa wa Fulani makiyaya guiwar zama wuri guda. Makiyaya ne suka fara zama, fatake Hausawa suka biyo baya saboda hanya, har garin ya sami ƙafa biyu tun yana ƙarami. Sarautar Magajin Shagari ta zauna a gidan Rufa'i, kuma Aliyu, mahaifin Shehu Shagari, ya riƙe ta. Ɗansa ya yi makarantar elementare a Yabo, ya kuma ɗauki sunan garin kamar yadda 'yan makarantar boko na Arewa suka saba yi a lokacin, sunan da ya mulki Nijeriya da shi daga 1979 zuwa 1983.