Tauraron ɗan'adam

Sunan kalma biyu ne. Tauraro tsohuwar kalma ce. Da ita manomin Arewa yake kiran Gamzaki da Zara, da Kaza da 'ya'yanta da ake duba wa don lissafin damina. Ɗan'adam kuwa ɗan Annabi Adamu ne, wato mutum. In an haɗa su, an ce ke nan tauraron da hannun mutum ya ƙera, don a bambanta shi da na Allah. Bukatar sunan ta taso ne bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, gidajen rediyo kuma suka yaɗa shi.

A ganina sunan ya dace, domin aikin ma gado ne: da can taurari ke nuna wa matafiyin dare gabas da arewa. Yau direban da ya tashi daga Dogon Dutsi zuwa Ɗan Kassari, ko mai neman hanyar Lugu, garin Sarauniya, GPS ɗin wayarsa yake dubawa. A Nijar "je-pe-es" ake cewa, da lafazin Faransanci.

Taurarin GPS na Amurka suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana ta aiko da wurin da yake da kuma lokaci daidai. Wayar saurare kawai take yi: tana auna jinkirin isowar saƙon, ta fitar da nisa. Taurari uku kan ba da wuri, amma sai da na huɗu, don agogon waya bai kai nasu daidaito ba.