Daga Bututun Ruwa Zuwa Damur



A shekarar 2017 wani ɗan ƙasar Labanon, Ziad Doueiri, ya fitar da fim cikin Larabci mai suna The Insult, wato Zagi. Labarin mutum biyu ne a birnin Beirut: Toni, Kirista bakanike, da Yasir, Bafalasɗine ɗan gudun hijira mai kula da leburori. Bututun ruwa ne ya haɗa su. Yasir ya gyara, Toni ya fasa, Yasir ya zage shi. Da aka kai Yasir ya ba da haƙuri, sai Toni ya ce masa da ma Ariel Sharon ya shafe Falasɗinawa gaba ɗaya. Yasir ya naushe shi, ya karya masa haƙarƙari biyu. Kafin a ankara magana ta kai kotu, gari ya rabu biyu.

Me zai sa bututu ya girgiza ƙasa? Amsar tana cikin tarihi.

Labanon ita ce ƙasar Kwarorin nan da muka sani a kasuwannin Kano, ƙasar Taya da Sidon inda Yesu ya taka da ƙafarsa. A yaƙin 1948, lokacin kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa kusan dubu 700 suka bar gidajensu, wajen dubu 100 suka shiga Labanon. Yawancinsu Musulmi ne, amma akwai Kirista a cikinsu. Bayan faɗan Jodan na 1970, mayaƙan ƙungiyar PLO suka dawo Labanon da makamansu. Kiristocin ƙasar, musamman na ɗariƙar Maroniyawa, suka ga baƙo ya zama hukuma a cikin hukuma.

Ranar 13 ga Afrilu 1975 aka yi harbi a ƙofar wata majami'a a Beirut. A ranar kuma mayaƙan Kirista suka buɗe wa motar safa ta Falasɗinawa wuta. Daga nan yaƙin basasa ya kama, bai mutu ba sai 1990, ya ci rai sama da dubu 100.

Ku riƙe ranakun nan uku. Ranar 18 ga Janairu 1976 mayaƙan Kirista suka afka wa Karantina, unguwar talakawa da 'yan gudun hijira, suka kashe ɗaruruwa. Bayan kwana biyu mayaƙan Falasɗinawa da abokansu suka rama a Damur, garin Kirista a kudu da Beirut, su ma suka kashe ɗaruruwa, sauran suka gudu. A watan Satumba 1982, bayan an kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Bashir Gemayel, mayaƙan Kirista suka shiga Sabra da Shatila, sojojin Isra'ila na kewaye da wurin, suka karkashe mata da yara da tsofaffi.

A kotu ne aka gano cewa Toni ɗan Damur ne, yana yaro aka gudu da shi. Shekara arba'in yana ɗauke da abin nan a zuci. Ƙasarsa ma haka ta yi: a 1991 aka yi dokar afuwa ga laifofin yaƙi, aka rufe maganar, makarantu ba sa koyar da ita. Sai kowane gida ya koya wa 'ya'yansa rabin tarihi. Ɗan Damur ya san Damur, ɗan Shatila ya san Shatila, kowa yana ƙirga gawarwakinsa kaɗai.

'Yan'uwa matasa, wannan ciwo ba baƙonmu ba ne. A watan Maris 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya da Funtuwa da Katsina, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. An ƙone majami'u da yawa, an ƙone masallatai, an rasa rayuka. Yawancinku ba a haife ku ba, amma kun gaji labarin. Wane ɓangare aka ba ku?

Mu a Daura mun taso da labarin Bayajidda, baƙon da tsohuwa Ayana ta saukar, wanda ta dalilinsa gari ya sami ruwan Kusugu kullum. Yau ma baƙi na shigowa garuruwanmu, waɗanda 'yan bindiga suka kora daga Batsari da Jibiya da Safana. Littafin Firistoci sura 19 ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo domin su ma sun yi baƙunci a Masar. Wato wahalar da ka sha ita ce za ta buɗe maka ido ga wahalar wani. Yakubu sura 3 kuma ta kwatanta harshe da 'yar wutar da ke cinye kurmi. A zamaninmu harshen nan yana cikin WhatsApp da Facebook.

Kada ku ɓoye abin da aka yi wa ikkilisiya. Damur gaskiya ce. Amma ku faɗi Karantina da Shatila tare da ita, domin masu giciye a wuya ne suka aikata. A fim ɗin, ranar da motar Yasir ta ƙi tashi, Toni ne ya juyo ya gyara masa, alhali shari'arsu ba ta ƙare ba.

Ubangiji ya tsare harshenmu, ya warkar da raunukan da muka gada, cikin sunan Yesu. Amin.