Haɗa Wutar Sola da Babban Layi: Ƙa'idar da Najeriya Ke Buƙata Tun Yanzu

Wutar lantarkin Najeriya hanya ɗaya aka shata mata. Tana fitowa daga manyan tashoshi irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Egbin, ta hau wayoyi masu kilobolt 330 da 132, ta sauko kan masu 33 da 11, sannan taransfomar unguwa ta rage ta zuwa bolt 230 da ke shiga gida. Kamar kogi take, gangara kawai ta sani, kuma da wannan gangarar aka auna kaurin waya da girman taransfoma da kowace na'urar kariya. To amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, janareta ya zama sai mai hali, farantan sola suka hau rufin gidaje da shaguna da asibitoci. Yawancinsu ba sa mayar da wuta kan layi tukuna. Hujjar wannan maƙala ita ce, tun kafin su fara ya kamata a kafa ƙa'idar haɗin, domin gyara daga baya ya fi tsada.

Matsala ta farko ta ƙarfin wuta ce. Da tsakar rana, lokacin da sola ke kan ganiyarsa, amfanin gidaje ya yi ƙasa. Idan rarar ta koma kan siririyar wayar unguwa, ƙarfin wuta zai hau a ƙarshen layin, wurin da aka saba kukan cewa wuta ba ta da ƙarfi. Da magariba kuma rana ta faɗi, kowa ya kunna fitila da fanka, nauyin gaba ɗaya ya dawo kan taransfomar cikin sa'a guda.

Ta biyu ta fi zurfi, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Wutar layi tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya. Wannan shi ne bugunta. Idan buƙata ta fi samarwa bugun ya ragu, idan samarwa ta fi buƙata ya ƙaru. Injinan Kainji da Shiroro manyan ƙarafa ne masu juyawa, nauyinsu na hana bugun sauyawa farat ɗaya, sai masu kula da layi a Osogbo su sami 'yan sakanni na ɗaukar mataki. Inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta dace da ta layi, ba ta da wannan nauyin. Abin da aka rubuta a cikinta kawai take bi.

Jamus ta ɗanɗana illar wannan. Tsohuwar ƙa'idarta ta ce kowace inbatar sola ta yanke kanta da zarar bugun ya kai 50.2. Babu wanda ya damu a lokacin da sola ba shi da yawa. Da ya yawaita sai aka gane cewa wutar da za ta iya ɓacewa a lokaci guda ta ninka megawat 3,000 da layin Turai ke da tanadin jure rashinsa. A 2012 dole aka yi doka, aka bi na'urori fiye da 300,000 ana sake musu saiti. Yanzu a dubi Najeriya, inda ƙa'idar layin ƙasa ta ɗauki 49.75 zuwa 50.25 a matsayin bugu na yau da kullum, kuma layin kan ƙetare wannan iyakar. Ke nan inbatar da ta zo da tsohon saitin Jamus za ta yanke a nan ko da layin lafiyarsa lau. Abin da ke damuna shi ne inbatoci na shigowa kasuwa daga ƙasashe daban-daban, kowace da saitin da aka yi wa layin wata ƙasa, mai saye kuma farashi da girman batir yake tambaya.

Akwai kuma batun rai. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau turke ya ɗauka wayar ta mutu. In wani gida na tura mata wuta ta baya, ajalinsa ke nan. Saboda haka ake ƙera inbatar da ke haɗe da layi ta mutu duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wannan daidai ne, sai dai a garin da wuta kan yini ba ta zo ba, farantan za su zauna a rana ba sa amfanin kowa, in ba batir. Na'urorin kariya ma suna iya ruɗewa, domin wutar da inbata ke turawa yayin da waya ta haɗu ba ta wuce ƙarfinta na kullum da yawa ba, sai na'urar ta kasa gane an sami matsala.

Wasu za su ce layin da bai iya tsayawa da ƙafarsa ba, me zai sa a ƙara masa kaya? Oktoban 2024 ya amsa wannan. Bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu. Nisa daga tashoshi shi ne raunin Arewa, maganinsa kuma samar da wuta kusa da mai amfani da ita. Amma sai da inbata mai iya kafa bugun da kanta, haɗe da batir, wadda za ta ware unguwa daga layi ta riƙe ta har wuta ta dawo. Ƙaramin layin Toto a jihar Nasarawa, wanda aka ƙaddamar a 2023 don haɗawa da layin kamfanin rarraba wuta na Abuja, irin wannan hanyar ya bi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, Enugu da Ekiti da Ondo tuni suka karɓi ragama. Farashi da lasisi na iya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma bugun wuta ɗaya ne daga Legas zuwa Sakkwato. Don haka ina kira ga hukumomin lantarki na tarayya, NERC da NEMSA, da hukumar ingancin kaya ta SON su fitar da saitin inbata guda ɗaya na ƙasa, wanda aka auna da halin layinmu, a tilasta shi tun daga tashar jiragen ruwa, kuma kowane kamfanin rarraba wuta ya buɗe rajistar sola da ke ƙarƙashin kowace taransfoma.