Ƙera Kayan Koyarwa na Dijital Masu Mu'amala da Ɗalibi Domin Inganta Sakamakon Karatu a Sakandare: Misali Daga Darasin Wutar Lantarki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sharuɗɗan da ke sa kayan koyarwa na dijital su ɗaga sakamakon ɗaliban sakandare. An bi hanyar bitar rubuce-rubuce, aka zaɓi ayyukan da aka auna koyon ɗalibai a cikinsu, sannan aka ɗora abin da aka samu a kan matakan ƙira na ADDIE domin fitar da samfurin darasin Fiziks a kan dokar Ohm ga manyan makarantun sakandare na Arewacin Nijeriya. An gano cewa raba na'ura kaɗai ba ya ƙara maki. Ana samun ci gaba ne idan manhaja ta sa ɗalibi yin hasashe, ta ba shi gyara nan take, ta kuma fara daga matakin da yake. Maƙalar ta ba da shawarar ƙera kayan da ke aiki ba tare da intanet ba, da auna su ta hanyar kwatanta azuzuwa.

Fitilun kalmomi: kayan koyarwa, manhaja, mu'amala, sakandare, dokar Ohm

1.0 Gabatarwa

Kwamfuta ta riga ta shiga rayuwar ɗalibin sakandare a Nijeriya ta ƙofar jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta soma haka da masu zana jarrabawa daga waje. Ta ɓangaren koyarwa, rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona ya sa jihohi irin su Kaduna da Kano suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. A Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020, shi ma ya sa koyar da 'yan mata fasahar dijital cikin ayyukansa a jihohin da suka haɗa da Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi.

Duk da wannan, a makarantu da yawa ana karanta kimiyya ne daga allo zuwa littafin rubutu, ɗalibi ya haddace ƙa'ida bai taɓa ganin ta tana aiki ba. Tambayar wannan bincike ita ce: wane irin kayan dijital ne ke ƙara fahimta, kuma yaya za a ƙera shi ya dace da aji mai cunkoso da ƙarancin wuta?

2.0 Ra'in Bincike

An gina aikin a kan ra'i biyu. Na farko shi ne ra'in Richard Mayer na koyo ta hoto da magana, wanda ya bayyana a littafinsa na 2001, ya kuma amfana da aikin John Sweller na 1988 a kan nauyin da darasi ke ɗora wa ƙwaƙwalwa. A wannan ra'i, mutum yana karɓar bayani ta ido da ta kunne, kowace hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka a lokaci guda. Don haka kiɗa da ado marasa alaƙa da darasi suna cinye gurbin da ya kamata fahimta ta shiga.

Na biyu shi ne tsarin ICAP na Michelene Chi da Ruth Wylie na 2014, wanda ya jera shigar ɗalibi cikin darasi hawa huɗu: sauraro kawai, taɓa kaya ko kwafar rubutu, samar da bayani daga kansa, da musayar hujja da wani. Koyo yana ƙaruwa daga hawa na farko zuwa na huɗu. Bisa wannan ma'auni, ɗalibin da ke danna maɓalli don shafi ya wuce bai haura hawa na biyu ba, komai kyawun manhajar.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Binciken na ɗakin karatu ne. An zaɓi ayyukan da suka cika sharuɗɗa biyu: an auna abin da ɗalibai suka koya, kuma akwai rukunin da aka kwatanta da shi. Daga nan aka bi matakai biyar na ADDIE, tsarin da ya samo asali a Jami'ar Jihar Florida a Amurka cikin shekarun 1970: nazarin buƙata, tsarawa, ƙerawa, aiwatarwa da tantancewa.

4.0 Abin da Binciken Baya Ya Nuna

A ƙasar Peru, Julian Cristia da abokan aikinsa sun bibiyi shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a makarantun firamare 319 na karkara. Bayan wata 15, yawan kwamfuta ya tashi daga 0.12 zuwa 1.18 ga kowane ɗalibi, amma makin lissafi da na harshe bai motsa ba. Rahoton ƙungiyar OECD na 2015 ya kai ga matsaya mai kama da wannan a kan 'yan shekara 15: ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a na'urorin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

A birnin Delhi na Indiya sakamakon ya bambanta. Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian sun raba ɗalibai 619, akasarinsu 'yan aji shida zuwa tara, ta hanyar ƙuri'a, rabi suka samu damar zuwa cibiyoyin manhajar Mindspark bayan tashi daga makaranta. A cikin wata huɗu da rabi, waɗanda suka samu damar sun zarce sauran da 0.37 na ma'aunin bazuwar maki a lissafi, da 0.23 a harshen Hindi, kamar yadda aka wallafa a 2019. Manhajar tana fara gwada ɗalibi ta gano matakinsa na haƙiƙa, wanda sau da yawa yana ƙasa da ajinsa da shekaru, sannan ta ba shi tambayoyi daidai da wannan mataki, tana lura da irin kuskuren da yake maimaitawa. Rabin kowane zama kuma malami ne ke jagorantar sa.

A fannin Fiziks, Richard Hake ya tattara sakamakon kwasa-kwasai 62 masu ɗalibai sama da 6,000 a 1998. Azuzuwan lacca sun cike 0.23 na giɓin da ke tsakanin makin farko da cikakken maki, waɗanda ake sa ɗalibai muhawara da warware matsala kuwa suka cike 0.48. A 2005 Noah Finkelstein da abokansa a Jami'ar Colorado sun nuna cewa ɗaliban da suka haɗa da'irar lantarki a manhajar PhET sun fi waɗanda suka yi da kayan gaske fahimta, sun kuma fi su saurin haɗa da'irar gaske daga baya. Dalilin da aka bayar shi ne manhajar tana nuna tafiyar lantarki a cikin waya, abin da ido ba ya gani.

Waɗannan ayyuka sun haɗu a kan abu ɗaya. Na'urar Peru ta isa hannun yara ba tare da darasin da aka ɗaura da tsarin karatun makaranta ba, ita kuwa ta Delhi ta zo da tambaya da gyara da malami.

5.0 Samfurin Darasi

5.1 Nazarin buƙata. Binciken koyar da kimiyya ya daɗe da tabbatar da cewa ɗalibai da yawa suna ɗauka lantarki yana ƙarewa a kwan fitila na farko, na biyu ya samu ragowa. Wannan kuskure ne darasin zai tunkara. Sai a duba yanayin makaranta: akwai wutar sola ko janareta, wayoyi ko kwamfutoci nawa ke aiki, ɗalibai nawa ne a aji.

5.2 Tsarawa. A raba darasin gida uku gajeru. A kowane gida ɗalibi zai fara rubuta hasashensa, ya gwada, sannan ya yi bayanin abin da ya gani. Misali: batir mai bolt 6 da turjiya mai om 3 suna ba da amfiya 2. Me zai faru idan aka ƙara wata turjiya mai om 3 a jere? Manhaja ba za ta bar shi ya wuce ba sai ya zaɓi amsa ya faɗi dalili. Idan ya haɗa, zai ga amfiya 1 a kowane wuri na da'irar, gaban turjiya da bayanta. Idan ya haɗa su reshe biyu, jimlar turjiya ta koma om 1.5, batir ya fitar da amfiya 4. Ga kowace amsar kuskure a rubuta gyara na musamman da ke nuna inda tunanin ya kauce, maimakon a ce masa bai yi daidai ba kawai.

5.3 Ƙerawa. Ba sai an gina komai daga tushe ba. PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki da shi ba intanet. H5P yana ba malami damar sa tambayoyi a cikin bidiyo, Kolibri kuma yana raba darussa ga na'urorin aji daga ƙaramar kwamfuta guda ba tare da data ba. Tun da ana zana jarrabawa da Ingilishi, ya dace muryar bayani ta zo da Hausa, sunayen ƙa'idoji da alamomin lissafi su fito a rubuce da Ingilishi kusa da hoton da suke nufi. Kafin a kai aji, malamin Fiziks ya tantance ingancin ilimin, masanin harshe ya duba bayanin, ɗalibai kaɗan su gwada a ga inda suke tuntuɓe.

5.4 Aiwatarwa. Inda na'ura ta yi ƙaranci, majigi ɗaya ya wadatar: kowa ya rubuta hasashensa, a yi gardama uku-uku, sannan ɗalibi ɗaya ya fito ya gwada. Wannan ya kai aji hawa na huɗu na ICAP da kuɗi kaɗan. A rufe da batir da waya da kwan fitila na gaske, malami ya nuna cewa turjiyar kwan tana ƙaruwa idan ya yi zafi, shi ya sa lissafinsa ba ya fita daidai kamar na manhaja.

5.5 Tantancewa. Rauni mafi girma a irin wannan bincike shi ne a gwada aji ɗaya kafin darasi da bayansa, a ga maki ya tashi, a danganta shi ga manhaja. Kowane darasi yana ɗaga maki. Abin da ya kamata shi ne a raba azuzuwa da dama rukuni biyu ta ƙuri'a, a ba rukunonin biyu lokaci ɗaya da jarrabawa ɗaya, wadda wanda bai ƙera manhajar ba ya shirya. A sake gwaji bayan wasu makonni don a ga abin da ya zauna, a kuma ware sakamakon mata da na maza, da na masu rauni da na masu ƙoƙari. Jin daɗin ɗalibai abin tambaya ne, amma ba shi ne shaidar koyo ba.

6.0 Tattaunawa

Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi ya yi gargaɗin cewa hujja mai ƙarfi ba ta da yawa, kuma kaso mai yawa nata yana fitowa daga masu sayar da kayan. Wannan ya shafi jihohin da ke sayen na'urori da kuɗin jama'a. Kuɗin na'ura somin taɓi ne. Akwai batir da gyara da tsaro da horar da malami a kowace shekara. Punya Mishra da Matthew Koehler sun nuna a 2006 cewa malami yana buƙatar sanin darasinsa da dabarar koyar da shi da fasahar a haɗe. Horon kwana biyu a kan kunna kwamfuta ba ya ba da wannan. Haka nan, darasin da ya dogara da wayar gida zai bar waɗanda ba su da ita a baya, don haka a tsara amfani da kayan cikin lokacin makaranta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ingancin kayan koyarwa na dijital yana rataye ne a kan aikin tunanin da suke sa ɗalibi, da gyaran da suke ba shi, da malamin da ke riƙe da ajin. Ana ba ma'aikatun ilimi shawarar su fara da batutuwa kaɗan da ɗalibai suka fi faɗuwa a kansu, su ware kason horo da gyara a cikin kowane kasafin sayen na'ura, su kuma ƙi faɗaɗa kowane shiri sai an kwatanta sakamakonsa da na azuzuwan da ba su samu ba. Kwalejojin ilimi da sassan Hausa na jami'o'i kuwa su haɗa hannu da malaman kimiyya wajen shirya muryoyin bayani da daidaita kalmomin fannu.